Shekarar da Aka Ce Mu Yi Maneji

Bana ma kogi ya kawo. Sati biyu ke nan ina jin warinsa daga tsakar gida, warin ɗanyen laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa wanda duk ɗan Gashuwa zai gane ko da an ɗaure masa ido. Ranar Talata da hantsi samarin unguwa suka zo da baro suna tara buhunan da ba komai a ciki, za su cika su da yashi su tare ruwa. Na tattaro abin da nake da shi, na shinkafa biyu da na taki ɗaya, na miƙa musu. Na tambayi babbansu ko an aiko musu da wasu daga sama. Ya ce an yi alkawari. Sai ya ƙara da cewa, "Kafin nan dai, Hajiya, maneji za a yi."

Ban san lokacin da na ce masa kada ya sake faɗa mini wannan kalma a ƙofar gidana ba. Bawan Allah ya tsaya riƙe da baro yana kallona. 'Yata Zainab ta leƙo daga kicin ta ce, "Umma, me ya yi miki? Ai kowa haka yake faɗa." Kunya ta kama ni. Na sa ta kai musu ruwan sanyi, na ce ta ba shi haƙuri, ba da shi nake ba.

Gaskiyar Zainab, kowa haka yake faɗa. Mai keke zai cusa ku huɗu a baya ya ce ku yi maneji. Tela zai yanka miki riga ta ɗame ki ya ce ki yi maneji, ai haka ake yayi. Ki tambayi maƙwabciya ya gida, ta ce ana maneji. Ranar da na kai Inna asibiti a ciwonta na ƙarshe, likita ya duba takardu ya ce, "Za mu ci gaba da manejinta," na gane daga fuskarsa cewa warkewa ba ta cikin maganar. Kalmar ta shige mu har mun manta baƙuwa ce. Ni kuwa na san ta tun tana baƙuwa, kuma na san ranar da ta fara yi mini ɗaci a baki.

Ina aji uku na sakandare a Nguru, makarantar kwana ta 'yan mata, shekara talatin da wani abu ke nan. Malamar Turancinmu 'yar Gana ce, Madam muke ce mata. Ana gab da dogon hutu ta rubuta kalmomin aikatau a 'yan takardu ta nannaɗe ta zuba a kwano, kowa ta ɗauki ɗaya. Aikin hutu shi ne ki saurara, duk inda kika ji an yi amfani da kalmarki ki rubuta. Ni maneji na ɗauko. Madam ta ce na yi sa'a, kalma ce mai fuska da yawa. Wanda aka ɗora a kan kanti ko ma'aikata yana tafiyar da ita, maneji yake yi, daga nan ma sunan manaja ya fito. Wanda ya yi abu da kyar, ya samu ya yi, shi ma haka. Wanda yake lallaɓa kaɗan ya ishe shi, haka. Har mai iya shawo kan doki mai gardama. Misalin da ke littafinmu, wani mutum ne ya yi maneji ya kama jirgin ƙasa na ƙarfe bakwai. Muka yi ta dariya, don mu a Nguru ba a kama jirgi, zama ake yi da tabarma a jira shi.

Na dawo gida da sabon littafin rubutu, ina ta baza kunne. A unguwarmu ba mai faɗarta. Inna tattali ta sani, da lallaɓawa, da cancanawa. Na yi sati uku ban rubuta ko layi ɗaya ba.

Damina ta makara a shekarar. Mun sha zafi irin wanda ko randa ba ta iya sanyaya ruwa, aka yi ta roƙon ruwa, sannan ya zo gaba ɗaya kamar an ɓalle bakin salka. Kwana takwas ana yi. Kaya ba sa bushewa, gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Daga nan sama ta washe, rana ta fito fes, kowa ya ce alhamdu lillahi. Tsofaffi kuwa ba su saki jiki ba, don sun san ruwan da yake cin Gashuwa ba daga samanta yake sauka ba. Daga yamma yake gangarowa, ruwan da aka yi a ƙasashen Kano da Haɗeja, ya yi kwanaki a hanya, ya iso ka kana shanya. Aka kafa sanda a bakin kogi aka yi mata tsaga-tsaga. Kullum in an fito sallar asuba sai wani ya je ya dubo. Yau ya ci yatsa uku. Yau ya ci taƙi guda.

Shinkafar Baba da ke fadama ta riga ta nutse tun makon farko. Geronsa na tudu, can wajen Katuzu, sai nan da wata ɗaya da rabi zai nuna. Abin da ya rage tsakaninmu da yunwa buhu uku ne na geron bara, suna jingine a ɗakin Inna a kan duwatsu. Mu shida ne a gidan: Baba, Inna, ni da ƙannena uku. Buhunan nan ne za su kai mu kaka, su kuma ɗan tsallaka da mu tunda shinkafa ta tafi.

Bulama, wato mai unguwarmu, ya sa aka buga gangar gayya. Unguwarmu a kwari take, kuma abin da ya raba mu da kogi jinga ce ta ƙasa wadda kakanni suka tara. Dole a ƙara mata tsayi da buhunan yashi. Maza suna haƙa suna ɗauka a ka, mu 'yan mata muna riƙe bakin buhu ana zubawa, tsofaffin mata suna ɗinke baki da basilla. Matan gida suna dama kunu a aiko. Rana tana dukan ƙeya, ƙasa kuma tana tururi, ga ƙuda. Har yau in na riƙe bakin buhu sai na ji yashi yana zubo mini a bayan hannu. Kwana biyu ana wannan, buhunan gishiri da na siminti da na gawayi duk suka ƙare, ga sauran wuri mai tsawo ba a rufe ba.

A bakin unguwar, inda ƙasa ta ɗan ɗaga, akwai siton wani attajirin Nguru mai sayen gyaɗa da hatsi. Mai kula da shi kowa Manaja yake ce masa, har na manta sunansa na yanka. Kowa ya san akwai buhunan algarara sababbi a ciki, suna jiran kaka. Bulama da dattawa suka je roƙo a ba da aro. Manaja ya ce shi ba ya aiki da baki, a rubuto takarda.

Baba ya dawo ya ce, "Uwata, ɗauko alƙalaminki." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Na zauna na zuba duk Turancin da Madam ta koya mini. Na yi kwafi uku kafin na samu wanda ba gogewa. Maza ba su da sukunin barin jinga, sai Ya Fanna ta ce ita za ta raka ni. Maƙwabciyarmu ce, Babarbariya mai suyar kifi, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ba a taɓa haifar wanda take jin tsoro ba.

Abin da na fara gani da muka isa, sito an kewaye shi da buhunan yashi sababbi, layi uku, an jera su tsaf kamar bulo. Ƙofa a buɗe take. Ciki kuwa ga su nan ɗauri-ɗauri har rufi, warin sabuwar algarara yana fitowa. Manaja yana zaune a baranda da rediyo da kofin shayi. Ya karɓi takarda ya karanta har ƙasa.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Aji nawa?"

"Uku."

Ya juya ya ce wa akawunsa, "Ka gani ko? Yarinya ta fi ka. Dubi inda ta sa waƙafi."

Ya Fanna ta ce, "Manaja, ba jarrabawa na kawo ta ba. Ruwa ne a bayanmu."

"Ya Fanna, kayan nan ba nawa ba ne. Amana ce. Alhaji yana Nguru. Zan ba motar Asabar ta kai masa."

"Yau Litinin."

"To, ni na jera kwanakin?"

"Waɗannan da ka kewaye katangarka da su fa? Su Alhaji ya amsa takardarsu?"

"Wannan tsare dukiyar mai dukiya ne. Shi ne aikina."

Ya ɗora kofin shayinsa a kan takardata, ina kallo gindin kofin ya yi mata zobe. Sannan ya dube ni ya faɗa da Turanci, ya maimaita da Hausa don Ya Fanna ta ji: "Ki gaya wa Bulama, ku yi maneji da abin da kuke da shi."

Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne na samu layin farko na aikin hutu. A hanya Ya Fanna ta ce, "Ke 'yar boko, mene ne wannan maneji da ya ce?" Na gyara murya na fara jero mata fuskokin da Madam ta koya mana. Ta saurara har na gama, ta tofar da goro ta ce, "Duk ba su ba ne. Nufinsa, ku tashi ku ba ni wuri."

Ba rowar ce ta fi ƙona mini rai ba, da na girma na yi tunani. Amanar da ya ambata ce. Ya ɗauki kalma mai nauyi irin wannan, wadda duwatsu suka ƙi ɗauka, ya tokare ƙofa da ita. Dukiyar Alhaji amana ce, mu da muke kwari da yara da tsofaffi ba amanar kowa ba ne.

Da la'asar Bulama ya yanke shawara. Duk gidan da yake da hatsi a buhu ya zazzage ya kawo buhun. Ina tsakar gida ina wanke-wanke Baba ya shigo da laka har gwiwa ya faɗa wa Inna.

Inna ta ce, "Malam, hatsi a buhu yana da ƙafa. In ruwa ya zo ka saɓa shi ka gudu. In ka zazzage shi ka karya masa ƙafa."

"In jinga ta tsaya ba inda za a gudu."

"In ba ta tsaya ba fa?"

"Kowa yana bayarwa. Ya Fanna har wanda take shimfiɗa wa akuyarta ta kai. Da wane ido zan tsaya a bakin kogi?"

"To a ba da biyu a bar ɗaya."

"Bulama ya san uku ne. Shi ya taya ni sauke su daga jaki."

Inna ta miƙe. Ta ɗauko wuƙa ta farke ɗinkin da kanta. Muka cika tukwane, muka cika ƙore, ta sauko da kwanukan jerenta waɗanda ko taɓa su ba ma yi, aka cika su. Duk wannan bai ɗauke ko buhu ɗaya cikakke ba. Sauran, aka ɗage katifa daga gadon ƙarfenta, aka shimfiɗa tabarma da zannuwa biyu, aka tokare ƙasan gadon da turmi, aka tsiyaye gero a kai ya yi tudu. Inna ta shafa shi da hannu ta yi bisimilla. Baba ya naɗe buhuna uku a hammata ya fita.

Buhu uku. A sito akwai abin da in an shimfiɗa zai rufe unguwarmu har ya yi saura.

Duk da abin da aka tara, sai da aka rage wuri kamar taku ashirin. Nan aka cika da yashi tsura, aka danna ciyawar kacala, aka kafa zana da turaka aka tare. Wani malamin firamare da ke cikin masu aikin ya share gumi ya ce, "To, mun dai yi maneji." Na rubuta wannan ma, layi na biyu.

Ranar Alhamis bayan azahar, rana tsaka, ko gajimare babu, wurin nan ya ɓalle. Mu a gida ba mu ji ƙara ba. Tururuwa muka fara gani suna hawa bango a jere ɗauke da ƙwansu, sai kuma ruwa ya shigo ta rariya, inda ya saba fita, a hankali, ja, yana tura tsinke da kashin awaki a gabansa. Inna ta ce in ɗauki ƙaramar, in kama hannun biyun, in nufi firamare da ke kan tudu. Ta ɗora mini gafakar Alƙur'anin Baba a ka. Na kai su na dawo. Muka kwashi kwanuka da ƙore, sahu biyu. A sahu na uku ruwa ya kai cinya.

Na tarar da Baba a ɗaki yana ƙoƙarin haɗa kusurwoyin zane huɗu a kan tudun gero. Ya haɗa biyu, ya ja na uku, gero ya kwararo ta gefe cikin ruwa. Ya sake. Yana ɗiba da hannu yana zubawa a aljihun riga. Ginin ƙasa daga gindi yake narkewa, kuma muna jin bango yana wata irin ƙara kamar ana taka busasshen kara. Inna ta shiga ta kama wuyan rigarsa ta ja. Ban taɓa ganin ta taɓa shi a gabanmu ba sai ranar. A bakin ƙofa ya taka fasasshen tulu ya tsaga tafin ƙafarsa. Muna isa zaure ɗakin ya durƙusa kamar raƙumi, rufi ya zauna a kan gado. Littafin aikin hutuna yana ciki, da layinsa biyu.

A hanyar firamare muka wuce wani maƙwabci, ba zan faɗi sunansa ba, ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ranar da ake tara buhuna ya rantse ba shi da ko ɗaya. Ga shi yana kora jaki da buhu biyu cike, a bushe. Inna ta kalle shi, ta kalli Baba, ta kawar da kai. Da ta yi magana da ya fi wa Baba sauƙi.

Gida biyar aka haɗa mu a aji ɗaya, aka raba da zannuwa. Bayan kwana biyu Ya Fanna ta samo mai kwalekwale ya kai mu inda gidanmu yake. Mu uku, ita da Inna da ni, muka shiga ruwa har ƙugu, muka lalubo gadon da ƙafa, muka janye azara, muka riƙa kwaso laka da ƙwarya. Lakar ce da gero a cikinta. Muka kai tudu muka yi ta regewa kamar masu neman zinariya, a zuba ruwa a karkaɗa a tsiyaye, a sake. Kwana uku muna wannan. Yatsunmu suka yi fari suka tattare. Abin da muka tsamo muka shanya a barandar makaranta, ƙannena suna korar kaji.

Bai bushe da kyau ba. Rabinsa ya fito da farin tsiro, duka kuma ya ɗauki wani wari mai tsami irin na abin da aka jiƙa ya kwana biyu. Inna ta shinshina ta ajiye. Ta ce ba za ta ba 'ya'yanta ba sai an tambayo malam, don warin ya yi mata kama da na abin da Allah ya hana. Ni aka aika wurin limamin unguwa, shi ma yana aji na kusa da iyalinsa. Ya ɗebi kaɗan ya shinshina ya ce, "Ki gaya wa mahaifiyarki hatsi ne da ruwa ya taɓa, ba komai. Mu ma shi muke ci." Sai da ta ji haka ta ɗora tukunya.

Shi muka ci. A daka a sa kanwa don ta kashe tsamin, a dama kunu da safe, a tuƙa tuwo da yamma, baƙi, yana ƙas-ƙas a haƙori. Tun muna tofar da yashi har muka koyi haɗiyewa ba taunawa. Kifi kam kamar a yi yaya da shi, tarwaɗa har cikin masallacin unguwa ake kama ta, amma kifi ba tuwo ba ya riƙe ciki, ga ba mai, ga gishiri sai an roƙa. Itace jiƙaƙƙe, hayaƙi ya cika aji, idon kowa ja. Muka ci tafasa, muka ci bado da mata suke tsinkowa a ruwa. Inna tana auna gero da murfin kwano, kullum tana rage tudun murfin da yatsa, har ya koma a shafe, har ya koma da rami. Ita takan ce ta ci a wurin tuƙi. Na yarda da ita kwana da yawa.

Yanzu in ruwa zai zo, tun yana Haɗeja ake kiran mutum a waya. Gidana na bulo ne. Buhun leda kuwa har a bola ake ganinsa. Ƙannena ma da kyar suke tuna ajin nan, sai dai ƙaramar har yau ba ta shan kunun kanwa kuma ba ta san dalili ba. Da na koma Nguru, a makare, Madam ta tambaye ni aikin hutu na ce ruwa ya ci. Ta ce to in faɗa da baki, misali ɗaya. Na miƙe na buɗe baki sai kuka. Ta ce in zauna, ba ta sake tambayata ba.

Amma kafin komawata makaranta akwai ranar rabo. Mun yi sati uku a firamare, geron da muka tsamo ya kusa ƙarewa, ƙafar Baba ta kumbura ta yi ruwa ba ya iya taka ta. Sai Bulama ya zo da albishir: an kawo taimakon masara, kowane gida buhu guda. An sauke a sito, don nan ne kaɗai busasshen wuri mai ƙofa a wannan ɓangaren, kuma Manaja aka ɗora a kan rabo. Za a kira sunan maigida sau ɗaya, babba ne zai karɓa, ba a ba yaro.

Inna ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ta gidan Baba ba ta taɓa taka kasuwa ba. Ta yi wanka ta ɗaura zanen da ya rage mata, ta yafa mayafinta babba, shi ma shi kaɗai ya tsira, ta ce in zo mu je. Ba mu ɗauki komai ba, tunda buhu aka ce. Baba ma ya ce in mun karɓa mu nemi mai jaki.

Tun hantsi muke layi har rana ta take. Da muka matso kusa sai muka ga abin da ake yi. Ba buhu ake bayarwa ba. Farke shi ake yi a raba wa gida huɗu da kwanon awo. In ya ƙare akawu ya kakkaɓe buhun ya ninke ya jefa ciki, kan tulin nan da ke can har rufi, ba abin da ya taɓa shi. Waɗanda suka ji labari da wuri sun zo da abin zubawa. 'Yan unguwarmu, da muke can ƙarshen tudu, hannu biyu muka zo. In ka bar layi an kira sunanka, shi ke nan.

Ya Fanna tana gabanmu. Ta ce, "Manaja, ba mu buhu ɗaya mu huɗu mu zuba, mu rabe a gida."

"Buhu ba ya cikin rabo. Masara aka ce."

"Namu suna bakin kogi. Ka sani."

"Ban aike ku ba."

"In ka mutu, a algarara za a naɗe ka ko a likkafani? Gaya mini tun yanzu in san abin da zan zo da shi."

Mutane suka yi dariya, irin dariyar masu jin yunwa, gajera. Manaja bai ɗago ba. Ya Fanna zane biyu take ɗaurawa, ta kwance na sama aka zuba mata. Sai akawu ya kira sunan Baba.

Inna ta matsa. Akawu ya ce, "Ina abin zubawa?" Manaja ya ɗago ya gan ni, ya gane ni, har ya yi murmushi. "A'a, mai takarda. Ba ku zo da komai ba? To a yi maneji mana, mutane suna jira."

Na kama gefen gyalena zan cire. Inna ta riƙe mini hannu da ƙarfi har na ji zafi. Ta ce a hankali, "Rufe jikinki. Ke budurwa ce." Sannan ta zare mayafinta, a gaban mazan unguwa da na wasu unguwanni, ta durƙusa ta shimfiɗa shi a ƙasa. Dattawan da ke kusa suka sunkuyar da kai, wani ya juya baya. Akawu ya auna ya zuba, ya auna ya zuba. 'Yan ƙwayoyi suka gangara gefe, ta bi su ta tsince ɗaya bayan ɗaya. Ta haɗa kusurwa huɗu ta ƙulle, na taya ta ta ɗora a ka.

Na yafe wa mutane abubuwa da yawa a rayuwata, kuma ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafe wannan kafin in mutu. Har yau bai ba ni ba.

Daga sito zuwa firamare tafiya ce mai ɗan nisa, kuma ta bakin tasha ake bi. Inna ta bi ta nan daga ita sai riga da zane da ɗankwali, kafaɗunta a waje, ƙasusuwan wuyanta sun fito, sai ranar na ga yadda ta rame. Ba ta yi sauri ba, ba ta kalli kowa ba. Ina binta a baya ina so in tare ta daga idon mutane, ban kai faɗin da zan tare ta ba.

Baba yana zaune a ƙofar makaranta yana jiran mai jaki. Ya hango mu tun daga nesa. Ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki sanda, ya taho yana jan ƙafar nan da ko ƙasa ba ya iya sa ta. Ya iso gabanta. Ya jingina sandar a jikina, ya tuɓe rigarsa a tsakiyar hanya, ya yafa mata a kafaɗa, ya tsaya daga shi sai 'yar shara. Ya kai hannu zai sauke mata kayan.

Inna ta ce, "Bari, Malam, kada ƙullin ya kwance. Na kwana tara ne, in an tattala."